Kwana biyu a Abuja, aljihu ya ji jiki

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ni da uwargida muka hau jirgin ƙasa daga tashar Rigasa da ke Kaduna, wai mu ɗan sha iska a Abuja. A Kubwa muka sauka.

Daren farko muka faɗa wani restoran a Wuse 2, wuri kam ya haɗu, ga esi ga kiɗa ƙasa-ƙasa, amma fa shinkafar da aka kawo mana ko yaro ba za ta ƙosar ba, da bil ya zo kuma sai ga harajin VAT 7.5% an ɗora ga kuɗin sabis daban. Uwargida ta harare ni ta ce "Maigida, wannan ai cefanen sati ne." Ban ce uffan ba.

Asabar da yamma ne muka more, a kasuwar barikin Mogadishu. Kai za ka nuna kifin da kake so, a gasa maka shi a gabanka da yaji da soyayyen dankali, hayaƙi kam sai haƙuri. Masu giya na gefensu, mu dai Maltina mai sanyi muka kora da ita, har da lashe yatsu.

Lahadi kilishin Area 1 kawai muka saya wa yara tsaraba.