Bishiyoyin Turner da ranar difens ɗina

Yanzu da na gama kiliyarans na karɓi sakamako, bari in faɗi abin da na daɗe ina haɗiyewa.

Furojek ɗina a kan wani ɗan zanen J.M.W. Turner ne, mai zane ɗan Ingila, wanda ya yi wajajen 1799 zuwa 1801 a Knockholt da ke yankin Kent a Ingila, yana ɗan shekara 25 ko kusa da haka. Kurmi ne mai dogayen bishiyoyi, can ƙasa ga 'yan Roma, wato ƙabilar nan mai yawo da Turawa ke kira Gypsy, sun kewaye wuta. Fentin mai ne a kan takarda, yana gidan tarihi na Fitzwilliam a Cambridge, ni kuwa a waya kawai na san shi, ina ta zumin har hoton ya farfashe.

Shafi wajen talatin na ɓata a kan haske da inuwa da yadda bishiyoyin suka danne mutanen. Su kansu mutanen layi biyu na ba su, kuma a nan na kwafsa: na rubuta wai asalinsu Masar ne, tunda sunan Gypsy daga Egyptian, wato ɗan Masar, ya fito. Sufabaiza ɗina ya sa hannu, wallahi ban jin ya wuce babi na ɗaya.

Ranar difens, wato ranar kare furojek, sai eksitana, mai jarrabawa daga waje, wata dattijuwa mai sanyin murya, ta ɗaga shafin ta ce, ɗana, wa ya gaya maka? Ta ce daga arewacin Indiya suka taso, yarensu ma dangin Hindi ne, Turawa ne suka yi zaton Masar sunan ya bi su. Ta tambaye ni dokar 1530 ta zamanin Henry na Takwas da ta kore su daga Ingila, da ta 1554 da ta kai har hukuncin kisa. Shiru. Ta ce to mutanen da ka kira adon daji, me ya kai su kwana a daji, a lokacin da masu kuɗi ke ta shinge filayen da talaka ke amfani da su?

Ba wannan ne ya fi min ciwo ba, gaskiya ta faɗa. Oga sufabaiza ne ya gyara zama ya ce ai ya sha gaya min in gyara wurin na ƙi ji. A gaban kowa fa! Mutumin da na yi wata uku ina sintiri ƙofar ofishinsa ana cewa ya tafi mitin.

Ga 'yan baya: duk gyaran da aka ba ku, ku nemi a rubuce. Kada ku yarda da asalin kalma a matsayin tarihi. Ku ajiye kwafi biyu na komai.

Na sake rubuta babin ni kaɗai cikin sati biyu, dattijuwar ta rubuta a gefe da jan biro cewa yanzu ta ga mutanen. Oga kuwa har yau in mun haɗu ina gaishe shi, ranka ya daɗe, ya amsa kamar ba a yi ba.