Laraba, cikin hunturu, ni da Auta

Wajen ƙarfe biyu na dare ƙarar susa ta tashe ni. Na haska fitilar waya, sai ga Auta tana barci amma hannunta na ta aiki a bayan gwiwa, har jini ya ɗan ɓata zanin gado. Laifina ne, kwana huɗu ke nan ina cewa zan yanke mata farce. Na lafta mata basilin, na zura mata safa a hannu biyu, na rungume ta har aka kira assalatu.

Tun da iskar Disamba ta fara kaɗawa fatarta ta koma kamar bakin kududdufin da ya ƙafe. Ekzima likita ya kira abin. Mutanen unguwa kuwa kowa da sunan da ya raɗa masa, wannan ya ce ƙyasbi, wancan ya ce maƙero. Waɗancan biyun ƙwayar cuta ke kawo su, namu kuwa fatar ce ba ta riƙe damshi, kuma yana bin jini ɗaya da asma. Abbansu ma da abin shaƙarsa yake yawo a aljihu.

Da safe wanka irin namu: ruwa mai ɗumi kaɗan, minti biyar, ba soso, ba sabulu mai ƙamshi. Ina daddanna tawul a jikinta maimakon gogewa. Inda ya yi baƙi ya yi kaushi, wato lanƙwasar hannu da bayan gwiwa da wuya, nan nake shafa man maganin asibiti, wato haidirokotizon mai kashi 1 cikin 100. Likitan ya koya mini awo: a matso daga kan ɗan yatsa zuwa gaɓar farko, wannan ya isa wuri mai faɗin tafin hannun babba biyu. Sauran jiki basilin ne tun bai gama bushewa ba.

Hajiya na kan tabarma tana kallonmu.

"Ke dai wankan da ba soso ai jiƙa yarinya kawai kike yi. Ki bari in aika Kasuwar Kurmi a samo saiwa, kuma a daina ba ta ƙwai da gyaɗa."

Na ce, "To Hajiya, Allah Ya ƙara girma, bari mu ga ƙarshen maganin asibitin tukuna."

Ban iya ce mata likita ya hana a yanke wa yarinya abinci ba tare da an ga shaidar shi ke tayar da ciwon ba. Kuma ina da bakin magana? Ni ce bara na sayo wani man haɗi a kemis, cikin kwana uku fata ta yi sumul, ina ta murna. Da na daina shafawa abin ya dawo ya fi na da, wurin kuma ya yi haske. Ashe sinadari mai ƙarfi ne a ciki, irin wanda masu bilicin ke nema. Ranar da na nuna kwalin a asibiti na sha faɗa.

Da la'asar muka hau adaidaita zuwa suna a Gwammaja. Tun daga soro turaren wuta ya tare mu, na san yau akwai susa. Auta ta shiga cikin yara suna wasa, can na ji wata mata ta fizge 'yarta tana cewa, "Zo nan, ba kya ganin ƙazuwa a jikinta?" Raina ya ɓaci, amma gidan mutane ne. Na matsa kusa na ce, "Baiwar Allah, wannan ba a ɗauka. Gado ɗaya take kwana da yayarta, ga ta can, duba jikinta." Ta ce au, ta yi 'yar dariyar kunya, amma ba ta saki hannun 'yar ba.

A hanyar dawowa, daidai Ƙofar Mazugal, Auta ta ɗago kai ta ce, "Umma, ni ƙazama ce?" Shekararta huɗu, ƙazuwa ta ji ta ɗauka ƙazama. Na ce wa ya fi ki wanka a gidanmu? Ta yi tunani ta ce babu. Ni kuwa har muka sauka fuskata na cikin mayafi.

Bayan isha'i na yanke faratan, na sake shafe ta. Na duba bayan gwiwar da kyau, babu ruwa babu ɓawo mai ruwan ɗorawa, don likita ya ce in aka ga haka ƙwayar cuta ta shiga, a dawo da ita ba jinkiri. Rigar sanyin ulu da gwaggonta ta kawo na mayar ƙasan akwati, tana cizonta. Na ce wa Abbansu gobe ya biya Kantin Kwari ya yanko yadin auduga mai laushi a ɗinka mata dogon wando na barci, ya haɗo da babbar robar basilin, wannan saura ƙasa-ƙasa. Ya ce ba makon jiya ya sayo ba? Na miƙa masa robar ya leƙa.