Laraba a Kadawa: kauɗa a kan raga, yaushi a fangali

Laraba, tsakiyar Fabrairu. Hazo ya sauka tun asuba, iska a bushe ƙamas. Da hantsi labari ya zo daga kasuwar Kwanar Gafan cewa kwanduna sun fi masu saye yawa, kuɗin da ake tayawa bai kai a ɗauki tumatir a kai shi can ba. Don haka yau yawancin abin da aka tsinka a wannan ɓangaren yanka shi aka yi domin kauɗa.

Lissafin da ya kamata mai yanka ya fara yi shi ne na ruwa. Ɗanyen tumatir kusan kashi 94 cikin 100 ruwa ne. Kauɗar da za ta ajiyu kuwa sai ruwanta ya sauko wajen kashi 10 zuwa 12. Ke nan kwandon da ya kai kilo 50 abin da zai bari bai wuce kilo uku da rabi ba, kilo 14 ko 15 na ɗanye ke ba da kilo guda na busasshe. Irin da ke da tsoka da ƙarancin ruwa, kamar UC82B da Roma VF, ya fi auki. Mai zagaye mai ruwa-ruwa kuwa wahalar yanka ɗaya ce, abin da za a kwashe kaɗan.

Kuskuren da na fi gani yau tun a zaɓe yake. Mutane na ware mai kyau su kai kasuwa, su yanka wanda ya fashe ko ya fara ruɓa. Rana ba ta gyara ruɓaɓɓe, baƙi zai yi, ya kuma ɗauki tsami ya ɓata na kusa da shi. A zaɓi wanda ya nuna ja sosai amma yana da tauri a hannu. A wanke, a bari ya tsane, sannan a tsaga shi a tsaye gida biyu, babba gida huɗu. Wuƙar da ta yi tsatsa tana baƙanta bakin yankan. A jera shi fuskar yankan tana kallon sama, fatar a ƙasa, kada wani ya hau kan wani. Idan aka kifa shi ruwan zai taru a ƙarƙashi, ya manne, kafin kwana biyu fumfuna ta fito. Wasu na barbaɗa gishiri kaɗan don ya jawo ruwan da wuri. Yana yi, sai dai kauɗar da ta sha gishiri ta fi saurin jan danshi idan damina ta shigo, ajiyarta na buƙatar kulawa.

Wurin shanya shi ne babbar rigima. Har yanzu ana bazawa a ƙasa tsirara ko a gefen kwalta, shi ya sa mai miya ke cin karo da tsakuwa, shi ya sa kuma masu saye ke karya farashi. Ƙasa tana riƙe danshi a ƙarƙashin yankan, awaki da kaji suna bi ta kai. Kwano da baƙar leda kuma zafinsu ya yi yawa da tsakar rana: bayan yankan ya ƙeƙashe da wuri ya toshe hanyar fitar ruwa, cikin yana nan da laushi, kalar ta koma ruwan ƙasa mai duhu. Abin da ya fi shi ne gado na itace mai tsayin kusan mita ɗaya, a shimfiɗa raga a kai don iska ta ratsa ta sama da ƙasa, a rufa da wata raga marar nauyi saboda ƙuda da ƙura. A wannan yanayin na hunturu iskar ce ke yin mafi yawan aikin, ko da hazo ya dushe rana. Kwana huɗu zuwa shida ya isa ga wanda aka tsaga biyu. Daga rana ta biyu, idan saman ya yamushe, a riƙa juyawa.

Da azahar wani dattijo ya ja ni zuwa gonarsa da ke ƙasan magudanar ruwa. Tumatir ɗin ya langaɓe a fangali uku na ƙarshe. Ya ce, "Malam, ƙishi ne, gobe zan ƙara masa ruwa." Na ce, "Baba, a yi haƙuri a tona tukuna."

Yaushin tsakar rana shi kaɗai ba ya nuna komai, ko lafiyayyen tumatir yakan sauke ganye idan rana ta take. Wanda ƙishi ke damu zai miƙe da yamma ko da asuba, kuma idan aka tona zurfin tafin hannu za a sami ƙasar a bushe, ba ta dunƙuluwa. A nan kuwa ƙasar laka ce, tana manne wa yatsa. Da muka tuge guda, saiwar ta yi ruwan ƙasa, fatarta na saɓulewa, ga ɗan wari. Ruwa ne ya kwanta ya hana saiwa iska har ta mutu, saiwar da ta mutu kuma ba ta shan ruwa ko tana cikinsa. Ƙarin ruwa zai ƙarasa su ne kawai. Maganin shi ne a buɗe bakin fangalin ruwan ya fita, a tsallake su a ban ruwa na gaba, a kuma ɗaga kunya a wannan gefen a shuka mai zuwa.

A tsakiyar gonar akwai wasu tsiraru da nasu ya bambanta. Ganyen ƙasa ya yi rawaya ta gefe guda na shukar, ɗaya gefen kore. Na tsaga karan a tsaye daga gindi, ga layi mai ruwan ƙasa yana bin hanyar ruwan. Wannan alamar fusariyam ce, cutar da ke zaune a ƙasa shekaru, ta shiga ta saiwa ta toshe jijiyoyin da ke kai ruwa sama. Feshi a ganye ba ya isa inda take, asarar kuɗi ne. A tuge, a fitar daga gonar, a ƙone. Harafin F da ke jikin sunan Roma VF juriyar wannan cutar yake nufi, ko da yake ba kowane nau'inta yake jurewa ba.

Akwai kuma ta bakteriya, wadda ke kwantar da shuka gaba ɗaya cikin 'yan kwanaki ganyen yana kore shar. Gwajinta ba ya buƙatar komai sai kofin gilashi da ruwa mai tsabta: a yanke karan kusa da gindi, a rataya bakin a cikin ruwan ba tare da motsawa ba. Idan ita ce, cikin 'yan mintuna za a ga wani farin abu kamar zare yana saukowa daga yankan. Mun gwada, ruwan ya zauna garau. Da ta fito, da sai a hana ruwan wannan fangalin bi ta sauran, a kuma hutar da wurin daga tumatir da tattasai da attaruhu da gauta, tunda dangi ɗaya ne, a sa masara ko alkama na wasu shekaru. Sauran masu kawo yaushi ba su da wuyar ganewa: ƙululai a jikin saiwa aikin tsutsar ƙasa ce da ido ba ya gani, yuriya da aka zuba dab da gindi kuma tana ƙona shuka, bakin ganye ya bushe kwana ɗaya ko biyu bayan sa taki.

Bayan la'asar aka kwashe shanyar da ta kwana biyar. Ido na yaudara a nan, don kowanne ya motse ya yi ja mai duhu. A ɗauki mafi kauri a lanƙwasa, a matsa tsakiyar da babban yatsa. Idan akwai sanyi ko laushi ko danƙo a wurin 'ya'yan, da saura. Gwajin da ya fi tabbas shi ne a cika kwalba da shi a rufe ta kwana. Idan jikin kwalbar ya yi gumi da safe, a mayar da shi raga. Ba a zuba shi a buhu da zafinsa, sai ya huce a inuwa. Buhun ya zama mai leda a ciki, a matse iska a ɗaure, a ɗora a kan katako nesa da bango.

Wanda bai gama ba an tattara shi ƙarƙashin rumfa kafin magariba. Kusa da magudanar ruwa raɓa na sauka da dare ko a hunturu, kuma yankan da ya sha raɓa ya sake bushewa shi ne ke yin baƙi. Gobe za a yanka tattasai, shi sai an cire hancin an tsaga shi, in ba haka ba fatar na riƙe ruwan cikin har ya yi fumfuna ta ciki ba a sani ba.