Fakin a sama, bututu a ƙasa: darussa daga majalisun ƙananan garuruwan Amurka

A ƙananan garuruwan Amurka kansiloli biyar ne ko bakwai, yawancinsu da sana'ar da suke ci da ita, sai da yamma su haɗu a zauren majalisa, sau biyu a wata a wurare da dama. Wanda ya daɗe yana bin irin wannan zama ya san ranar da zaure ke cika maƙil: ranar da aka ce za a hana ajiye mota a gefe ɗaya na wani layi. Ranar da za a amince da jan bututun ruwa zuwa sabuwar unguwa a bayan gari kuwa, daga kansiloli sai injiniya sai mai filin. Alhali dokar fakin fenti ce da allo, ana iya warware ta a zama na gaba. Bututu in ya shiga ƙasa, gari ya ɗauki nauyin gyaransa ke nan na shekara hamsin ko fiye.

Abu na farko da aikin kansila ke koya wa mutum shi ne rigimar fakin da tef ɗin awo ake fara raba ta. Dokar kashe gobara da yawancin garuruwan ke bi ta ce a bar wa motar 'yan kwana-kwana hanya mai faɗin ƙafa 20, wato kimanin mita 6, ba abin da ya tare ta. Motar da aka ajiye a gefen titi tana cin ƙafa 7 zuwa 8. Sauran lissafi ne: titi mai faɗin ƙafa 36 zai ɗauki motoci gefe biyu, mai ƙafa 28 gefe ɗaya, wanda bai kai 26 ba kuwa sau da yawa hanawa ake yi gaba ɗaya. In gefe ɗaya za a hana, sai a ƙirga mashigan gidaje da famfunan kashe gobara na kowane gefe, a hana inda suka fi yawa, domin can dama guraben kaɗan ne. Kowace mota tana bukatar tsawon ƙafa 22 ko kusa da haka. A jihohi da yawa ba a ajiye mota ƙasa da ƙafa 15 daga famfon gobara, ko ƙafa 20 daga inda masu tafiya a ƙasa ke tsallakawa a mahaɗa, ko ƙafa 30 daga allon tsayawa. Kansilan da ya shigo zaure da waɗannan alƙaluma a hannu ya rage wa kansa rabin gardama.

Yadda doka ke fitowa sananne ne. Ƙorafi ya zo, ma'aikata su fita su duba su rubuta rahoto, a karanta daftari karo na farko, a saurari jama'a, a sake karantawa a kaɗa ƙuri'a, a buga sanarwa, sannan a kafa alluna. A matakin ƙarshen nan ake yawan tuntuɓe. Wani garin ya zartar da doka bai kafa allo ba, wani kuma allo ne tsaye shekara da shekaru ba wata doka a rubuce da ta goya masa baya. Ko wanne ne, duk wanda aka ci tara ya je gaban alƙali zai iya tsira da kuɗinsa. Garuruwan da suka ji jiki sukan sa ƙa'idojin gaba ɗaya a cikin doka, jerin tituna da sa'o'i kuma a takarda dabam da ƙuduri guda ke iya gyarawa, don kada a sake bin doguwar hanyar saboda gurbi biyu a gaban gidan waya.

In masu kantuna suka ce babu wurin fakin a tsakiyar gari, kada a yarda, kada kuma a ƙaryata su, sai an ƙirga. A sa mutum ya zagaya duk bayan awa ɗaya, ranar aiki da kuma Asabar, yana rubuta lambobin motoci gurbi-gurbi. Abin da takardar kan nuna ba ya yi wa masu ƙorafin daɗi: motocin da ke wuni a ƙofar kanti sau da yawa na masu kantin ne da yaransu, ga fili kusan fanko a layin baya. Ma'aunin da Donald Shoup, malamin tsara birane a jami'ar UCLA ta Los Angeles, ya yaɗa shi ne a nemi cikar kashi 85 cikin ɗari, wato cikin gurbi bakwai ko takwas a sami ɗaya babu kowa. In an haura haka, sai a sa iyakar awa biyu ko a fara karɓar kuɗi. Na'urar karɓar kuɗin fakin tsohuwa ce, tun 1935 aka kafa ta farko a Oklahoma City, amma har yau 'yan kasuwa ba sa ƙaunarta sai sun ga inda kuɗin ke tafiya. Tsohuwar unguwar kasuwa ta Pasadena a jihar California ta shawo kan nata ne a 1993 da alkawarin cewa abin da aka tara a unguwar zai koma gyaran titunanta.

Iyakar lokaci kuma ba ta da amfani in ba mai dubawa. Dabarar da aka gada ita ce ma'aikaci ya shafa wa taya alli, ya dawo bayan awa biyu. A 2019 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta ce wannan shafa allin bincike ne irin wanda tsarin mulki ya sa wa hukuma iyaka a kansa, a ƙarar da aka kai garin Saginaw na jihar Michigan. A 2022 wata kotun mai daraja ɗaya da ita ta halatta wa San Diego yin hakan. Saboda haka sai lauyan gari ya duba wace kotu ce a kansu, wasu kuwa sun koma ɗaukar hoto da na'urar karanta lamba. Sannan motocin da aka kora ba ɓacewa suke yi ba, layin gidaje na kusa suke komawa, ba a daɗe ba sai ga mazauna layin a zaure suna neman takardar izinin fakin ta 'yan unguwa kaɗai.

Akwai wata dokar fakin da ba ta tara jama'a, amma ita ta fi sauya kamannin gari: adadin guraben da ake tilasta wa mai sabon gini ya tanada. Gurbi ɗaya ƙafa 9 ne da 18, amma in aka haɗa da hanyar shiga da juyawa yakan kai murabba'in ƙafa 300 zuwa 350. To in doka ta ce gurbi ɗaya ga kowane murabba'in ƙafa 250 na kanti, filin motoci ya fi kantin girma ke nan. Tsohon gini a tsakiyar gari ba shi da inda zai samo wannan fili sai ya rushe na maƙwabci, shi ya sa ake barinsa a kulle. Ƙaramin garin Sandpoint a Idaho ya soke wannan sharaɗi a tsakiyar garinsa a 2009, Fayetteville ta Arkansas ta cire wa gine-ginen kasuwanci a 2015, Buffalo ta cire wa birnin baki ɗaya a 2017. Guraben masu nakasa dai dokar tarayya ce, ɗaya cikin kowane 25 har zuwa ɗari na farko, majalisa ba ta da ikon taɓa su. Abin da wannan sharaɗi ke jawowa a ƙarƙashin ƙasa shi ne ba a cika lura da shi ba: duk faffaɗan filin mota tsakanin gini da gini ƙarin tsawon bututu ne da babu mai biyan kuɗin ruwa a kansa.

A nan gizo ke saƙar. Mai fili yakan zo da magana mai daɗin ji: shi zai shimfiɗa bututun ruwa da na ƙazanta da kuɗinsa, in ya gama ya miƙa wa gari kyauta. Tambayar da ya kamata majalisa ta fara yi ita ce gida nawa ne za su rataya a kan wannan bututun. A ce tsawonsa ƙafa 2,000 ne. In gida 40 ne, kowanne ƙafa 50 ke kansa. In gida 10 ne, ƙafa 200. Ranar da bututun ya tsufa kuɗin sauya shi ɗaya ne, kuma daga asusun ruwa zai fito, asusun da kuɗin wata-wata na kowa ke cikawa. Ma'ana, tsohuwar da ke zaune a tsakiyar gari ita ma za ta biya. A ganina duk rahoton da bai nuna wannan rabon lissafi ba bai isa a kaɗa ƙuri'a a kansa ba. Kafin ma a zo nan, sai injiniya ya tabbatar cewa matatar ruwa da tanki da wurin tace ƙazanta suna da sauran ƙarfin ɗaukar ƙarin gidaje.

Girman bututun ruwa kuwa gobara ce ke yanke shi, shan ruwa da wanka ba su kai su sa a binne ƙato ba. Ƙa'idar da jihohi da dama ke bi ta ce bututun da ke ɗauke da famfon gobara kada ya gaza inci 6, garuruwa da yawa ma daga 8 suke farawa. A unguwar gidaje ana son a iya jan galan 1,000 a minti ɗaya ba tare da matsin ruwa ya faɗi ƙasa da psi 20 ba (psi ma'aunin matsi ne). Matsalar ita ce babban bututu mai ƙarancin masu sha ruwansa kwanciya yake yi. Bututu mai inci 8 yana riƙe galan 2.6 a kowace ƙafa, wato sama da galan 5,000 a ƙafa 2,000. In gida uku kawai aka gama ginawa, kowanne yana shan galan 300 a rana, ruwan zai yi kusan kwana shida kafin ya kai ƙarshen layi. Kafin nan kulorin da ke kashe ƙwayoyin cuta a ruwan ya mutu, ruwa ya sauya ɗanɗano, sai ma'aikata su riƙa zuwa suna buɗe famfo suna zubar da tataccen ruwa a kwata. Maganinsa a zagayo da bututun ya sake haɗewa da babban layi ta ɗaya ɓangaren. Mai fili ba ya son wannan don ƙarin kuɗi ne, amma in ba a sa shi cikin sharaɗi tun farko ba, ba zai taɓa yiwuwa ba. In kuma gari ne ke son inci 12 saboda unguwannin gaba, adalci shi ne gari ya biya bambancin kuɗin da ke tsakanin 8 da 12.

Bututun ƙazanta gangara yake bi. Mafi ƙanƙanta inci 8, kuma sai ya sauka kusan inci 5 a duk ƙafa 100 domin abin da ke ciki ya yi gudun ƙafa 2 a daƙiƙa, in ba haka ba datti ya taru ya toshe. Ana sa rijiyar dubawa a duk ƙafa 400 da duk inda aka karya kwana. Tsakaninsa da bututun ruwan sha a bar ƙafa 10, inda suka gitta juna kuma inci 18. Filin da ke kwari, ƙasa da babban layi, sai da tashar injin turawa, kuma wannan ita ce kyautar da ya fi kamata majalisa ta yi jinkirin karɓa: injuna biyu, janareta, kuɗin lantarki, da ma'aikacin da za a tasa cikin dare duk sanda tsumma ya shaƙe injin.

Rabon kuɗi ma yana da nasa tarko. In tsohuwar unguwa ce za a kai wa bututu, akan raba kuɗin kan masu filaye gwargwadon faɗin fuskar filinsu a titi, sai mai gidan da ke kusurwar titi biyu ya ga an caje shi fuska biyu alhali haɗi ɗaya zai yi. Gara a rubuta rangwamensa a doka kafin takardun biya su fita. In mai fili ɗaya ne ya ja bututu ta gaban filayen wasu, akwai yarjejeniyar da ke sa duk wanda ya zo haɗawa daga baya ya mayar masa da kasonsa. A jihar Washington takan kai shekara 20. Sai dai in ba a yi mata rajista a kan takardun filayen ba, sabon mai saye zai ce bai san zancen ba. Wanda ke wajen iyakar gari kuwa, a sa ya sa hannu kan amincewar shigowa cikin gari kafin a buɗe masa bawul. Da zarar ruwa ya fara zuba a gidansa, ba shi da sauran dalilin yarda da harajin gari. Garuruwan da ba su wuce mutum 10,000 ba suna iya neman rancen ma'aikatar noma ta tarayya mai wa'adin da ya kai shekara 40, amma a tuna wasu injunan ba za su kai ƙarshen biyan ba.

Ranar karɓar aiki ba ranar kunya ba ce. A cika bututu a matsa shi, galibi psi 150 na awa biyu, a ga ko yana yoyo. A zuba kulorin miligiram 25 a lita, a bar shi awa 24, abin da ya rage kada ya gaza 10, a wanke, a kai samfuri ɗakin gwaji har sau biyu. Na ƙazanta a tura kyamara ciki a ga inda ya lotsa. A karɓi takardar izinin ratsa fili da aka yi wa rajista, da lamunin gyara na shekara ɗaya ko biyu, domin ramin da ba a danne ƙasarsa da kyau ba sai bayan sanyi da ruwan sama yake zaftarewa. A karɓi taswirar abin da aka binne a zahiri, wadda takan saɓa da zanen farko. Ɗan kwangila in an sake masa kuɗin da aka riƙe jingina kafin ya kawo ta, sai dai a yi ta binsa, bayan shekaru kuma a ga ma'aikata suna fasa kwalta suna laluben bawul ruwa na malala.

Kafin a shimfiɗa sabuwar kwalta a tambayi sashen ruwa ko akwai bututun da zai shiga titin nan kusa. Garuruwa da yawa suna hana yanka sabon titi har shekara biyar saboda wannan. Sannan duk famfon gobara da aka kafa yana cinye ƙafa 30 na gefen titi, 15 dama 15 hagu, fiye da gurbin mota guda. In an matsar da shi kan zane zuwa bakin mahaɗa, inda dama an hana fakin, ba a yi asarar ko gurbi ɗaya ba.