Wasiƙa Daga Manchester: Baƙon da Ba a Ce wa Bismillah

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida. Ina gajiya, ya iyali? Mu nan sanyi ya kama, ƙarfe huɗu na yamma gari ya riga ya yi duhu.

Na san wasunku za su yi dariya, amma a ƙasar nan kallon talabijin sai da lasisi. Ba kuɗin DStv nake nufi ba, wanda in ka ga dama ka saya in ba ka ga dama ba ka bari. Wannan na doka ne, kuma a Afrilun 2025 aka mayar da shi fam 174.50 a shekara ga kowane gida. Mai akwatin baƙi-da-fari fam 58.50 aka yanka masa a lokacin, kuma wallahi har yau akwai masu irinta. Da kuɗin ake riƙe BBC, shi ya sa ba ka ganin talla a tashoshinta na cikin gida.

Inda mutanenmu ke yin tuntuɓe shi ne zaton cewa akwatin ake biya wa. A'a, kallon ake biya wa. Duk shirin da ka kalla a daidai lokacin da tasha ke watsa shi, ko ka naɗe shi, to sai da lasisi, ko a waya ne ko a kwamfuta. Ba ruwan doka da cewa tashar ta Najeriya ce ko ta Saudiyya. Tun 2016 kuma aka haɗa da BBC iPlayer, manhajar kallon shirye-shiryen BBC ta intanet. Mai kallon finafinan Netflix ko tsofaffin bidiyoyin YouTube kaɗai, babu ko sisi a kansa.

Watanninmu na farko ba mu da talabijin ma. Sai ga wasiƙa, babu sunan kowa a jikinta, an dai rubuta wa "mai zama a gidan". Na ga maganar bincike da tara, cikina ya ɗuri ruwa, don baƙo a ƙasar mutane da ya ji an ambaci kotu, bizarsa yake fara tunawa. Ashe duk adireshin da ba ya cikin rajistar masu lasisi haka ake aika masa.

Wata rana da hantsi, maigida ya tafi aiki, ina tsaka da soya albasa, aka danna ƙararrawa. Wani jami'in lasisin talabijin ne da katin shaida rataye a wuya. Kun san tarbiyyar gida: baƙonka annabinka. Har na ja da baya zan ba shi hanya, bismillah na bakina. Sai na tuna maganar wata dattijuwar Baturiya maƙwabciyata, da ta taɓa ce mini ƙofar nan tawa ce, ni ke da iko da ita. Na ce masa ba ma kallo. Ya tambaya ko zai iya shigowa ya duba. Na ce a'a. Ya yi godiya cikin ladabi ya juya. Na koma na tarar albasata ta ƙone.

Daga baya na bi diddigi. Waɗannan jami'ai ba 'yan sanda ba ne, ma'aikatan kamfani ne da aka ba kwangilar karɓar kuɗin. Ba su da ikon kama kowa, ba su da ikon tsallake dokin ƙofa sai da yardar mai gida, ko da takardar izinin bincike daga majistare. In sun zo da ita kam, hana su laifi ne. In ba haka ba, ba dole ka amsa tambaya ba, ba dole ka sa hannu a komai ba. Wanda ya tsaya amsawa kuwa, ana rubuta abin da ya faɗa, kuma shi ake kaiwa gaban alƙali. Baki shi ke yanka wuya.

Nan ne abin ke ci mini tuwo a ƙwarya. Kusan kashi uku cikin huɗu na waɗanda ake gurfanarwa mata ne, har BBC da kanta ta fitar da rahoto a kan haka a 2023. Ɗaya daga cikin dalilan ba ɓoyayye ba ne: mace ce a gida da rana, ita ke buɗe ƙofa, ita ke da kunyar rufe ta a fuskar mutum. Maigida ya sha ƙwallonsa daren jiya, uwargida ce sunanta zai shiga takardar kotu. Tarar na iya kaiwa fam 1,000, ban da kuɗin shari'a, kuma galibi majistare ɗaya ne zai duba takardu ya yanke hukunci ba tare da an ga fuskarki ba. Don haka 'yar uwa mai shirin tahowa, in takardar kotu ta zo kada ki tura ta ƙarƙashin katifa, ki amsa. Kuma kada ki yi ƙarya a bakin ƙofa. In ba kwa kallo, akwai shafin intanet da ake sanar da su.

Mu dai ƙarshe mun biya. Azumi ya zo, ina son tarawihin Makka kai tsaye, maigida kuma ga ƙwallo. Na biya ina gunaguni, har ranar da na gano cewa tun 2014 kaso mafi tsoka na kuɗin da ke tafiyar da sashen BBC na ƙasashen waje daga lasisin nan yake fitowa. Cikinsa har da BBC Hausa, wadda ke magana da mu tun 1957, wadda Baba ba ya karya kumallo sai ya ji shirinta na safe.

Na kira shi na gaya masa. Ya yi shiru, ina jin rediyon na ƙara a bayansa, sannan ya ce, "To ashe ke ce ke biya mana? Allah ya yi albarka. Kada ki bari ya ƙare."

Ku gaida mutanen gida.

'Yar uwarku a Manchester