Ƙofa Mai Lamba 8000

Asabar, bayan Isha'i.

Sai yanzu na samu na miƙe ƙafa. Tun da na dawo daga sallar Asuba nake durƙushe gaban rautar nan, wato na'urar da ke raba intanet a gida, har tabarma ta yi mini shati a gwiwa. Kuma ni na jawo wa kaina. Ranar sunan ɗiyar ƙanwata na buɗe baki a gaban dangi na ce ai ba wani abu ba ne a riƙa watsa karatun da Kawu ke yi a zaure tsakanin Magariba da Isha'i, kowa ya saurara daga inda yake. Goggo ta Jidda ta riƙe maganar gam. Kwana biyu ba sa wucewa sai ta turo saƙon murya: "Ɗana, ina rediyon namu?"

Jiya da dare na ɗauka na gama. Na ɗora Icecast, manhajar watsa sauti ta intanet, a kan tsohuwar laftof ɗina, wadda batirinta ba ya kai minti ashirin, na sa wata manhajar mai suna BUTT ta riƙa ɗaukar sauti daga makirufo tana miƙa masa. Na canza kalmar sirrin da yake zuwa da ita, wato hackme, wadda duk wanda ya taɓa ɗora shi ya sani. Na ɗauki wayata na rubuta 192.168.8.105:8000/karatu, sai ga muryata tana fitowa tana cewa "gwaji, gwaji". Har uwargida na tasa daga barci don ta shaida. Ta ce madalla, ta juya ta ci gaba da barcinta.

Da safe na tura wa ƙanwata da ke Zariya adireshin. Ba a yi minti biyu ba ta kira. "Yaya, juyawa kawai yake yi, ba ya buɗewa." Na yi ta ce mata netwok ɗinta ne, alhali ni ne na yi shirme. Duk adireshin da ya fara da 192.168 na cikin gida ne, kowane gida mai rauta yana da irinsa. Kamar ka ce wa baƙon da zai taso daga Zariya ya same ka a ɗaki na biyu hannun dama, ba ka faɗa masa unguwa ba, balle layi.

To, sai na shiga shafin rautar ta 192.168.8.1 ina laluben inda ake buɗe ƙofa. A bidiyon da nake bi Port Forwarding aka rubuta, a tawa kuwa Virtual Server, wannan kaɗai ya ci mini rabin awa. Abin da ake so dai shi ne a gaya wa rauta cewa duk wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa mai lamba 8000 daga waje, ta wuce da shi kai tsaye wurin laftof. Na zaɓi tsarin tura bayanai na TCP, na sa 8000 ta waje, 8000 ta ciki, na sa adireshin laftof, na adana. Na buɗe wani shafi da ke nuna wa mutum adireshinsa na waje, ya ba ni lamba mai farawa da 102. Na liƙa mata :8000/karatu na sake turawa Zariya. Shiru.

Wajen ƙarfe sha ɗaya aka ɗauke wuta. Tun safe hadari ya rufe gari, batirin sola bai cika ba, sai rautar ta mutu. Na zaro fawa bank na haɗa mata. Ta tashi, na ci gaba da gwaji kusan awa guda, sai daga baya na lura ko a cikin gida ma ba na jin komai. Ashe da ta tashi ta sake rabon adireshi, ta ba laftof mai ƙarewa da 102, ta ba wayar uwargida mai ƙarewa da 105. Wato duk wannan lokacin wayar da ake kallon girke-girke da ita a kicin nake buɗe wa ƙofa. Na nemo lambar MAC ta laftof, wato lambar shaidarta a netwok, na ɗaure mata 105 a wurin saitin DHCP mai rabon adireshi don kada a sake yi mini musanye. Wannan gyaran dai na gaske ne, ko ba komai na ƙaru da shi.

Abin da ya biyo baya ba na alfahari da shi. Na kashe katangar tsaron Windows gaba ɗaya, duk da cewa da na tsaya na yi tunani zan gane ba ita ba ce, tunda wayata tana shiga ta cikin gida lafiya lau. Na kunna UPnP, saitin da ke barin na'urori su buɗe wa kansu ƙofa, na kashe. Na jefa laftof ɗin cikin DMZ, wato na wangale mata dukkan ƙofofi, na zauna ina kallon allo gabana yana faɗuwa, minti biyar na mayar. Na yi rajista a DuckDNS na samu suna mai daɗin faɗa a maimakon lambobi. Sunan yana nuna adireshin daidai, amma ba abin da ke amsawa. Na tuna an ce wasu rautoci ba sa barin mutum ya gwada adireshinsa na waje yana cikin gida, sai na kashe waifai a wayata na koma kan data. Duk ɗaya.

Uwargida ta ajiye mini shinkafa da wake tun bayan Azahar, har man ya daskare a kai. "Maigida, wai rediyo ake haɗawa ko jirgin sama?" Ban tanka ba.

Ana cikin haka Kawu ya leƙo zai wuce masallaci, ya tsaya ya dubi wayoyin da suka cika tabarma. Ya ce, "To, a mita nawa za a kama mu?" Kawu mutumin Rediyon Kaduna ne tun yana yaro. Kullum yana ba mu labarin yadda aka buɗe gidan a 1962 zamanin Sardauna, da yadda 'yan uwa a Nijar da Kamaru suke murɗa akwatinsu zuwa mita 49 su kamo shi. Na ce, "Allah ya gafarta Malam, wannan ba ta da mita, adireshi gare ta." Ya yi murmushi ya ce to Allah ya sa masu nema su gane gidan. Bai san ya taɓo inda ke mini ƙaiƙayi ba.

Bayan La'asar na haɗiye girman kai na kira wani abokina da ke unguwar Malali a nan Kaduna, wanda irin wannan aikin ne abincinsa. Na fara zayyana masa duk abin da na yi, ya katse ni. "Mutumina, dakata. Buɗe shafin farko na rautar, ka karanto mini adireshin WAN, wanda kamfani ya ba rautar." Na karanto: ya fara da 100.72. "Wanda intanet ke nuna maka fa?" Na ce 102. Sai ya kwashe da dariya, irin wadda ke sa mutum ya ji kamar ya kashe waya.

Ya ce duk adireshin da ya faɗa tsakanin 100.64 da 100.127 ba na waje ba ne. Tun 2012 aka ware su don kamfanonin sadarwa su riƙa raba wa kwastomominsu a cikin gida, abin da ake kira CGNAT. Dalili kuwa irin wannan adireshin na intanet, wato IPv4, duka-duka biliyan 4.3 ne, babban rumbun da ake rabo daga cikinsa ya ƙare tun Fabrairun 2011. Don haka kamfani ke tara mutane da yawa a bayan adireshi guda. Lambar nan mai 102 da nake ta turawa Zariya ba tawa ba ce ni kaɗai, ta taro ce. Ya ce, "Kai ɗan haya ne a gida mai ɗakuna da yawa. Ka wuni kana buɗe ƙofar ɗakinka, ƙofar gidan kuwa makullinta yana aljihun mai gida." Fita ana iya fita, shi ya sa nake kallon bidiyo ba matsala. Shigowar baƙo ce ba ta yiwuwa.

Duk da haka sai da na kira kamfanin da nake sayen data a wurinsu. Na sha kiɗan jira, sannan wata baiwar Allah ta ɗauka, ta ce in kashe rautar in cire layin in goge shi in mayar. Na yi mata bayanin abin da nake nema har sau uku. Ta ce za ta miƙa ƙorafina. Ban ga laifinta ba, abin da aka rubuta mata take karantawa.

Da na sake kiran abokina ya sa na ɗauko biro. A kilobit 64 cikin daƙiƙa, mai sauraro ɗaya yana cin megabait 28.8 a awa. In mutum talatin suka shigo ta kan rautata, kowanne sai an tura masa nasa daban: kusan megabit biyu na turawa ba yankewa, da megabait 864 kowace awa daga aljihuna. A damina, da netwok ɗin Tudun Wada da yamma. Na ajiye biron. Ko da ƙofar ta buɗu, da Goggo ba abin da za ta ji sai tsinke-tsinken magana.

Shi yana da wata ƙaramar saba, wato kwamfutar da ke zaune a intanet kullum, da yake haya a Jamus, Icecast na kanta dama. Ya buɗe mini gurbi mai suna /karatu, ya turo adireshi da kalmar sirri. Abin da na yi bai wuce canza layi uku a BUTT ba. Yanzu zare ɗaya ne ke fita daga gidanmu, ita sabar ta rarraba wa jama'a. Na rage sautin zuwa kilobit 32 tunda magana ce ba kiɗa ba. Na danna, ƙanwata ta turo: "Yaya, ina jin fankarku!"

Da aka idar da Magariba na ɗaura makirufo a jikin marikin Alƙur'ani na katako da kyauron roba, don wayar makirufon ba ta kai gaban Kawu ba. Ya yi basmala ya fara. Wani almajiri a bayan zaure ya buɗe linkin a wayarsa da ƙarfi, sai ga muryar Kawu tana biyo Kawu a baya da 'yan daƙiƙu. Ya tsaya cak, ya saurari kansa yana maimaita jimlar da ya gama faɗa, ya ce, "Wannan malamin ya fiye jan magana." Zaure ya ɗauki dariya, ita ma ta dawo mana ta cikin wayar.

Shafin sabar ya nuna mutum goma sha ɗaya. Sau ɗaya aka yanke, lokacin da ruwa ya sauko, ya dawo da kansa. A Jidda tara ta kusa, tunda sun riga mu da awa biyu, amma Goggo ta zauna har ƙarshe. Saƙonta ya shigo ina naɗe wayoyi. Ta sa mini albarka mai tsawo, sannan ta ce janaretan mai shayin ƙofar gida ya fi Kawu fitowa, in san yadda zan yi da shi.

Na mayar da katangar Windows, na goge ƙofar 8000 daga rautar. Gobe in Allah ya kai mu zan leƙa Kasuwar Barci ko zan samu wayar makirufo mai tsawon mita biyar. Shinkafar ma har yanzu tana nan a rufe.