Mai hoton da ba ya haska fuska

Duk wanda ya shigo shagona a Jos yana so a mayar da shi fari, tun daga bakin ƙofa nake ba shi haƙuri. Ina ɗaukar hoton aure, na baftisma, na taron Zumuntar Mata, har da na fasfo. Ina raya tsofaffin hotunan da ruwa ko gara suka ci, duk ƙarshen shekara kuma in buga kalanda. Launin fatar mutum ne kawai ba na taɓawa. Ƙurjin da ya fito wa amarya ana jibi biki zan share shi, domin baƙo ne, mako guda zai tafi. Amma baƙin da aka haife ta da shi, da wushiryarta, da tsagen gidansu, waɗannan aikin Mahalicci ne, kuma tun a Farawa sura ta fari an ce ya dubi abin da ya yi, ya ga yana da kyau ƙwarai. Wane ni in bi bayansa da gyara?

Wannan ra'ayi yana korar mini ciniki, na sani. Yanzu kowane lungu akwai yaro mai waya da manhajar kyauta, dannawa ɗaya ya goge fuskar mace har hancin ya nemi ɓacewa, wuya baƙi, fuska fara sol. Rabin kuɗina yake karɓa. Sai uwar amarya ta zo ta zauna mini a benci, ta ce, "Haba ɗana, ai dannawa kawai kake yi. Yaron unguwarmu ya ce zai yi mana a ƙasa da haka." Ni kuwa in ce, "Mama, dannawar kyauta ce, sanin lokacin dannawar nake sayarwa." Wata ta yi dariya mu daidaita, wata ta ɗauki jakarta. Daga cikin masu tafiyar akwai waɗanda ke dawowa bayan biki da hotunan da jikoki ba za su gane kakarsu a ciki ba, wai in gyara. Abin da aka riga aka goge kuwa ba ya dawowa.

Ban shiga harkar nan don kuɗi ba, sha'awa ce ta ja ni. Kawuna ma'aikacin jirgin ƙasa ne a Kafanchan, yana da wata kyamara ƙirar Yashica da yake ɓoyewa a ƙasan akwatin tufafinsa, ba ta fitowa sai Lahadi da Kirsimeti da ranar bikin Afan na Kagoro, ɗaya ga Janairu. Ni ne mai riƙe masa jaka. Fim ɗaya hoto 36 yake ɗauka, wani 24, kuma ba ka ganin abin da ka yi sai an wanke. Shi ya sa kawu kan tsaya da kyamara a ido har ƙafata ta gaji, yana jiran rana ta fito daga bayan gajimare ko mai waƙa ta ɗaga kai. In na ƙosa sai ya ce, "Kai yaro, fim kuɗi ne."

Mai launi akan aika Jos ko Kaduna a wanko. Baƙi da fari kuwa da kansa yake yi a ɗakin ajiya, ya toshe taga da bargo, ya kunna jan ƙwai. A nan na fara ganin gyaran hoto, tun ban taɓa jin sunan Photoshop ba. Yakan sa tafin hannunsa tsakanin fitilar na'ura da takarda yana kaɗawa, don kada fuska ta yi duhu, sannan ya bar haske ya daɗe a kan farar riga har ɗinkinta ya fito. Bayan an tsoma takarda a magani sai wanki da ruwa mai yawa, kuma nan ne ragwaye ke yanke hanya, shi ya sa hotunansu ke yin ja bayan 'yan shekaru. Na kawu har yau suna rataye a ɗakunan mutane, tas da su. A 2012 da na gaya masa kamfanin Kodak mai yin fim ya karye har ya nemi kariyar kotu a Amurka, cewa ya yi in daina sauraron jita-jita.

Abin da ya fi wuya a aikinmu shi ne baƙar fuska cikin farar riga, a cikin majami'ar da tagoginta ke bayan mutane. Kyamara ba ta da wayo. In ta ga fari da yawa sai ta rage haske, rigar ta fito, fuskar ta nutse. Ko a zamanin fim ma, da hoton farar mace ake saita injinan wanki a ƙasashen Turawa, don haka fatarmu ta daɗe tana shan wahala a hannun na'ura. Masu haska fuska sun ɗauka maganin shi ne a ƙara fari. A'a. Maganin shi ne a auna haske a kan kumatun mutum tun kafin a danna, a juya shi ya fuskanci taga, a sa yaro ya riƙe farin kwali daga gefe ya mayar masa da haske. Baƙar fata tana da sheƙi, wata ta yi ja-ja, wata ta yi kamar shuɗi-shuɗi, kuma in hasken ya zo mata daga gefe ba abin da ya kai ta kyau a takarda.

In na zauna gaban kwamfuta, abin da nake nema a Lightroom, manhajar gyaran hoto, shi ne in dawo da abin da idona ya gani a wurin. Ƙwan lantarkin majami'a kan zuba wa fuska kore, sai in cire. Zanen Zumuntar Mata dole launinsa ya fito daidai, don iyayen nan sun san zanensu, in ya kauce ko kaɗan za su faɗa maka a gaban jama'a. In ɗaga inuwar da ɗankwali ya jefa a ido, in yanke wayar lasifikar da ta ratsa kan ango. Hoto guda yakan ci mini rabin awa, kuma in na yi shi yadda ya kamata ba wanda zai ce an taɓa shi.

Akwai kuma ladabin wuri. Ba na kunna filas ana addu'a, ba na gittawa gaban fasto yana wa'azi, lokacin Jibin Ubangiji kuwa kyamarata a cinya take. Ina jin takaici in ga masu waya sun yi wa bagade zobe, iyayen da suka haifi amarya ba sa ko hango ta.

Hotunan da na fi so, ba wanda ya biya ni in ɗauka. Da sassafe nakan zaga Farin Gada lokacin da ake sauke kabeji da karas da tumatir, tururi na fita daga bakin masu dako saboda sanyi. Nakan nufi wajen Bukuru in tsaya bakin kududdufan da haƙar kuza ta bari, ko in gangara Riyom inda duwatsu suka hau kan juna ba laka ba siminti. Tsohuwa na sussukar acha a bayan shingen kyarana, 'yan Sabon Rai na gwajin waƙa a ƙarƙashin mangwaro, yaro ya yi barci a kan buhun dankali. Hazon hunturu, wanda kowa ke kuka da shi, shi ne babban abokina, don yana tausasa rana har ka iya ɗaukar fuska da tsakar rana ba a runtse ido ba, ko da yake ƙurarsa na shiga cikin kyamara ta sa ni kwana ina share ɗigo. Zabura ta 19 ta ce sammai suna shelar ɗaukakar Allah. Ni dai a wurin masu tallan nan ma ina ganinta. Kuma ba na ɗaukar kowa a sace. Sai na gaisa, na nemi izini, in na wanke kuma in kai wa mai shi nasa.

Daga cikin waɗannan nake zaɓar goma sha biyu na kalanda, kowane wata da ayarsa da Hausa. Ba na manna aya don kawai a cike gurbi. In hoton bai yi magana da ayar ba, gara in bar shi haka. Su kuwa masu kwaikwayo, sai su sauko da hoton dusar ƙanƙarar Turai daga intanet, su liƙa aya da jan rubutu mai walƙiya, su kai bakin majami'a suna karya farashi. An taɓa kawo mini wata kalanda da hotona na Riyom a ciki, an yanke sunan shagona daga ƙasa, an kuma mayar da sararin sama ruwan hoda.

Dillalan kaya su ma ba su bar mu mun huta ba. A sayar maka da katin ajiya na jabu, kwalinsa sak na gaske, sai ranar biki ya haɗiye hotuna. Tawada a ce ta asali ce, kafin damina biyu fuskoki sun koɗe. Saboda haka duk sabon kati sai na cika shi na juye a gida kafin ya je bikin kowa, sabuwar takarda kuma in buga gwaji in manna a tagar da rana ke duka, in ga yadda za ta yi. Wanda ya ce na yi tsada, har da wannan yake biya.

Ranar Asabar da yamma, in ba biki, matasa kan taru a shagon da wayoyinsu mu fita ɗaukar hoto, 'yan majami'armu da maƙwabtanmu Musulmi duka, kuma ba na karɓar ko kwabo. Doka ɗaya ce: kowa hoto goma kacal zai ɗauka a fitar, ba gogewa, ba manhajar haska fuska. Mai so ya zo da wayarsa a cike da caji, don na shagon ba ya isar kowa. Kalandar bana kuma tana fitowa kafin Kirsimeti, majami'ar da ke son da yawa ta yi magana tun Nuwamba.